Kunne Ya Girmi Kaka: Faifan Da Masu Shi Ba Su So Ba

A hutun makarantar da ya wuce, muna kwashe tarkace daga ɗakin ajiya na gidanmu saboda rufinsa ya fara yoyo, sai muka ci karo da wani kwalin sabulu cike da kaset-kaset. Na wani yayanmu ne, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota tsakanin Kumasi da Tamale. Akwai na Shata, akwai na Ɗan Maraya, akwai na hailaif, ga kuma Don Williams da Jim Reeves waɗanda kusan kowane direba na wancan zamani yana da su. A can ƙasan kwalin muka zaro wani mai bango shuɗi-shuɗi, da hoton ƙoƙon kan tsuntsu an yi masa zane kala-kala. Muka nemo tsohuwar rikoda, muka zura biro a ramin kaset muka naɗe zaren da ya warware, muka danna.

Babban ɗanmu, wanda ke aji biyu a sakandare, ya ɗauki bangon ya karanta sunan ƙungiyar, Eagles, ya ce, "Baba, ai na san su, su ne masu Hotel California. A sa mana ita." Muka juya kaset ɗin gaba da baya, babu ita. Yaron ya ce to lallai jabu ne, don yaya za a ce faifan zaɓaɓɓun waƙoƙin mutane ne alhali babu waƙar da duniya ta san su da ita? Ba jabu ba ne. An fitar da faifan ne a Fabrairun 1976, ita kuwa waccan waƙa sai a Disambar shekarar ta fito. Wannan tambaya ta yaro ita ta ja mu yau ga labarin faifan, domin a cikinsa akwai abin da ya shafe mu, mu da ke zaune a zango muna riƙe da harshe da waƙoƙin kakanninmu a cikin ƙasar da mu 'yan ƙalilan ne.

Kada wani ya ce me ya haɗa Bahaushen Gana da kiɗan rok na Amurka. A ranar 6 ga Maris 1971 an yi gagarumin wasan nan na Soul to Soul a dandalin Black Star da ke Akra, inda Santana da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner suka kwana suna kiɗa. A wannan shekarar ce Osibisa, ƙungiyar da Teddy Osei da Mac Tontoh da Sol Amarfio suka kafa a Landan tare da abokansu, ta fitar da faifanta na farko mai haɗa jitar rok da gangunan gida. A wannan shekara ta 1971 ɗin dai ne wasu samari huɗu suka haɗu a Los Anjalis ta jihar Kalifoniya: Glenn Frey mutumin Detroit, da Don Henley mutumin Teksas, da Bernie Leadon, da Randy Meisner. Da farko makaɗan haya ne, suna mara wa mawaƙiya Linda Ronstadt baya. Daga nan suka ware suka kafa tasu, suka raɗa mata sunan tsuntsun nan gaggafa, kamfanin Asylum na David Geffen kuwa ya ɗauke su.

Kiɗansu gauraye ne. Sun ɗebo rok, sun haɗa da kiɗan kantiri, wato na mutanen karkarar Amurka, irin wanda direbobinmu ke so a bakin Don Williams. Henley na kan ganguna yana kuma waƙa, Frey na kan jita, Meisner na riƙe da jitar bes mai kaurin sauti, Leadon kuwa gwanin banjo ne, wannan ɗan'uwan molo da gurmi wanda masana suka tabbatar cewa tushensa daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne, bayi suka ƙera irinsa a can ƙetaren teku. Amma babban makaminsu shi ne murya. Dukansu huɗu mawaƙa ne, kuma in suka haɗa baki a amshi, wannan a sama wancan a ƙasa, sai ka ji kamar murya ɗaya ce mai faɗi.

Faifansu na farko a 1972 da na biyu a 1973 duk a Landan aka ɗauke su, a hannun wani Bature mai suna Glyn Johns, wanda ya yi aiki da Rolling Stones da The Who. Shi Johns yana ganin arzikinsu na cikin taushin muryarsu ne. Su kuwa samarin suna so a ce musu 'yan rok ne masu ƙarfin jita. Gardama ta yi tsanani har suka rabu da shi ana tsakiyar aikin faifai na uku, wanda ya fito a 1974, suka koma Amurka wurin Bill Szymczyk, suka kuma ɗauko makaɗin jita Don Felder ya zama na biyar. To, ga abin mamaki. Cikin waƙoƙi biyu kacal da suka rage daga aikin Johns a wannan faifai akwai wata mai sanyi, Best of My Love, kuma ita ce ta farko da ta kai su lamba ɗaya a jerin mujallar Billboard, a Maris 1975. Abin da suke gudu shi ya ɗaga su.

A nan ya kamata mu tsaya mu fahimci abin da ake nufi idan aka ce waƙa ta dace da rediyo. Gidan rediyo na kasuwa ba don Allah yake sa waƙa ba. Talla yake sayarwa, mai talla kuwa yawan kunnuwa yake saye. Saboda haka waƙar da ake so ita ce wadda ba za ta sa mai sauraro ya murɗa akwatinsa zuwa wata tasha ba: minti uku zuwa huɗu, amshi ya zo da wuri ya kuma riƙa dawowa, babu ƙarar da za ta firgita mai tuƙi ko mai aikin ofis, babu kalmar da za ta sa uwa ta toshe kunnen ɗanta. Waƙoƙin Eagles sun shiga wannan ma'auni kamar an gwada. Inda suka yi tsawo kuwa, almakashi ake sa musu. Ita waccan waƙa da ta kai su lamba ɗaya, kamfani ya datse kusan minti guda daga cikinta kafin ya aika wa gidajen rediyo, ba tare da sanin masu ita ba, abin da ya fusata su ƙwarai. Wata kuma, Lyin' Eyes, wadda ta wuce minti shida, aka mayar da ita wajen minti huɗu.

Zuwa ƙarshen 1975 suna da faifai huɗu da waƙoƙi da dama da suka yi kasuwa. Leadon ya gaji da yawon wasa da kuma yadda kiɗan ke nisa da kantiri, ya fita a Disamba bayan wata rigima da ya kwarara wa Frey giya a ka. Joe Walsh ya maye gurbinsa. Sabon faifai bai kammala ba, kamfani kuwa yana son abin kai wa kasuwa. Sai aka tsinto waƙoƙi goma daga faifai huɗun nan, biyar a kowace fuska, aka sa masa suna Their Greatest Hits (1971–1975), aka fitar a ranar 17 ga Fabrairu 1976. Babu sabuwar waƙa ko ɗaya a ciki. Hoton bangon, ƙoƙon kan gaggafa mai zane, aikin wani mai zane ne ɗan Teksas, Boyd Elder. Tsawon faifan minti 43 ne da 'yan daƙiƙoƙi, wanda duk ya taɓa tura waƙa a kaset mai lamba 90 kuwa ya san fuska ɗaya minti 45 take ɗauka. Kamar don masu kiyos ɗin kaset na kasuwanninmu aka yanka shi.

Felder ya faɗa daga baya cewa ba a nemi shawarar kowa daga cikinsu ba kafin a fitar da shi. Henley ya fito fili ya ce bai ji daɗi ba, kuma dalilinsa shi ne ya fi jan hankalinmu. Faifansu na biyu, Desperado, ba tarin waƙoƙi ba ne kawai. Labari ne guda daga farko zuwa ƙarshe, a kan 'yan fashin nan na gidan Dalton da abokinsu Bill Doolin, waɗanda suka addabi yammacin Amurka a shekarun 1890. Wasu daga cikin 'yan Dalton sun gamu da ajalinsu a garin Coffeyville na jihar Kansas a Oktoban 1892, lokacin da suka yi yunƙurin fasa banki biyu a rana ɗaya, mutanen gari suka buɗe musu wuta. Samarin Eagles sun ɗauki wannan labari ne suna kwatanta shi da rayuwar makaɗi: yaro ya bar gida, ya ɗauki makami, ya yi suna, ya ƙare a wulaƙance. Har a bayan bangon faifan an ɗauke su hoto kwance a ƙasa a ɗaure, tamkar gawarwakin ɓarayin da aka kama. Faifan bai yi kasuwa ba da farko, bai wuce lamba 41 a jerin Billboard ba. Da kamfani ya zo zaɓe, sai ya ciro waƙoƙi biyu masu daɗi daga cikinsa ya jera su tsakanin waƙoƙin soyayya. Mai saurare ya ji zaƙin, amma bai san daga wane labari aka yanko su ba, bai san abin da ya gabace su ba, bai san inda suka dosa ba. Wannan shi ne kukan Henley.

To, me kasuwa ta ce? Mako guda da fitowarsa, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta ba shi lambar nan da ake kira filatinam, ta sayar da kwafi miliyan ɗaya, kuma shi ne faifai na farko a tarihi da ya karɓe ta. Ya yi mako biyar a lamba ɗaya. A 1999 ƙungiyar ta ƙidaya masa miliyan 26, ta ce shi ne faifan da ya fi kowane kasuwa a Amurka a ƙarni na 20. A 2006 ya kai miliyan 29. A Agustan 2018 aka sake lissafi ya kai miliyan 38, ya wuce Thriller na Michael Jackson wanda ke da miliyan 33 a lokacin. Ga ɗalibanmu masu son lissafi: ƙidayar jama'ar Gana ta 2021 ta ba da mutum miliyan 30.8. Wato da za a raba, kowane ɗan ƙasa, har jinjirin da ke goye, zai sami kwafi ɗaya, a kuma yi saura mai yawa. Sai dai a yi hattara da waɗannan alƙaluma. Na Amurka ne kawai, a faɗin duniya Thriller ne kan gaba. Kuma tun 2016 RIAA na haɗawa da sauraron intanet, inda take ɗaukar saurare 1,500 a matsayin faifai ɗaya. A 2017 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa faifan cikin rajistar sautukan da ƙasar ke adanawa don tarihi.

Ga shi nan dai: aikin da suka zuba wa zuciya ya zauna a kanta, wanda aka harhaɗa musu a ofis ba da saninsu ba shi ya cika duniya. Su ma daga baya sun yarda cewa ya yi musu rana, domin kuɗin da yake kawowa sun sa kamfani ya ƙyale su suka ɗauki lokaci a kan Hotel California. Amma zuma da zaƙi take da harbi. Waƙar da ta yi kasuwa takan zama igiya a wuyan mai ita. Meisner, mutum mai kunya, shi ke rera Take It to the Limit, wadda a ƙarshenta sai ya ɗaga murya can sama. Tun da ta yi suna, duk garin da suka je sai jama'a sun nemi a yi ta. A 1977 a garin Knoxville, yana fama da rashin lafiya, ya ce ba zai iya komawa ya yi ta ba. Frey ya matsa, har suka ba hamata iska a bayan dandali. Da yawon wasan ya ƙare, Meisner ya fita. A ranar 31 ga Yuli 1980, a Long Beach, Frey da Felder suka yi ta yi wa juna barazanar duka a kan dandali, suna cikin rera waƙoƙin nan masu sanyi ga dubban mutane. Daga wannan dare ƙungiyar ta watse, ba su sake haɗuwa ba sai 1994. An kori Felder a 2001, aka shiga kotu a kan rabon kuɗi, aka sasanta a 2007. Frey ya rasu a Janairun 2016, Meisner a Yulin 2023. Duk wannan babu alamarsa a cikin minti 43 ɗin nan. Faifan zaɓe kamar hoton salla yake, kowa ya yi wanka ya sa sabuwar riga yana murmushi, ba a ganin bashin da aka ci aka ɗinka ta.

Idan misalin Eagles ya yi mana nisa, ga wanda ke kusa. Babu zangon da ba a san Bob Marley ba, kuma mafi yawanmu ta faifan Legend muka san shi, wanda kamfanin Island ya harhaɗa a 1984, shekara uku bayan rasuwarsa. Masu zaɓen sun nufi kunnen Turawan Ingila ne, saboda haka suka rinjayar da shi wajen waƙoƙin soyayya da na kwantar da rai. Ba a ce babu na gwagwarmaya a ciki ba, akwai. Amma daga faifansa na 1979, Survival, wanda ke da tutocin ƙasashen Afirka a bango, wanda ya yi wa 'yancin Zimbabuwe da haɗin kan wannan nahiya waƙa a cikinsa, ko ɗaya ba a ɗauko ba. Ɗan Afirka da Legend kawai ya sani bai ji abin da Marley ya faɗa masa shi kansa ba. Mai zaɓe yana da iko babba, domin abin da ya bari shi ake mantawa.

Yanzu mu dawo gida. Mu da muka tashi a shekarun 1980 da 1990 mun san mai kiyos ɗin kaset na bakin tasha. Ka kai masa kaset marar komai, ka lissafa masa waƙoƙin da kake so, ko ka ce ya zaɓa maka, gobe ka dawo ka karɓa. Shi ne kamfaninmu, shi ne gidan rediyonmu, musamman kafin 1995 da gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Joy FM suka fara aiki, lokacin da GBC ce kaɗai, Hausa kuma tana samun ɗan rabonta na lokaci tare da sauran harsunan ƙasa. In dare ya yi, manya kan murɗa gajeren zango su kamo Kaduna su ji Zaɓi Sonka. Ta waɗannan ƙofofi ne muryar Alhaji Mamman Shata da ta Ɗanƙwairo da ta Ɗan Maraya Jos suka shigo ɗakunanmu, suka riƙe mana Hausar da ba ma ji a makaranta ko a ofis. Ba za mu taɓa raina mai kiyos ba. Amma mu faɗi gaskiya: sau nawa muna tsakiyar jin Bakandamiya zare ya ƙare, waƙa ta yanke a tsakiyar baiti? Sau nawa aka cire kirarin farko da ambaton mutane don waƙa ta shiga fuskar kaset? Kuma sidi nawa ne daga cinikin ya koma hannun mawaƙin? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Su Eagles ko ba komai an biya su, har suka sami abin kai juna kotu a kansa.

Waƙar makaɗanmu ta fi ta Eagles jin ciwon almakashi. Shata ba ya rubuta waƙa ya haddace. A wurin yake ƙera ta, yana kallon wanda ke gabansa, 'yan amshi na riƙe masa, kalangu na amsa masa. Waƙa ɗaya ya rera ta a zama daban-daban, kowane zama da abin da ya ƙara. Ba a gina ta don minti uku ba. Daɗinta yana cikin tsawonta ne, yadda yake kewayawa ya yi nisa har ka ce ya manta, sai ya dawo ya faɗa kan amshi daidai. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Abin da ya rage a hannun 'ya'yanmu yau shi ne abin da wani yaro mai kwamfuta a kasuwa ya tura musu a katin waya, waƙa ɗari babu suna babu shekara, ko kuma guntun rabin minti da ke yawo a WhatsApp da TikTok. Wato an yi zaɓe, an sake zaɓe a cikin zaɓen, har saura ɗan amshi kawai. Bahaushen Kano in ya rasa cikakkiyar waƙa, akwai gidan rediyo da jami'a da tsofaffi a unguwa da za su ba shi. Mu a nan in ta ɓace daga kwalin sabulu, wa zai ba mu?

Irin wannan muke gani a aji. In jarrabawa ta matso, ɗalibi ya ajiye littafin adabin da aka ba shi ya sayi ɗan ƙaramin littafin taƙaitawa da tambayoyin shekarun baya. Zai iya gaya maka sunan jarumi da darussa uku da ke cikin labarin, ya kuma ci jarrabawa. Amma ka tambaye shi me ya sa jarumin ya yi abin da ya yi a babi na bakwai, sai ya sunkuyar da kai. Ya sha romo, bai taɓa naman ba. Mun sha ƙwace irin waɗannan littattafai a aji, mun kuma daina, domin mun lura cewa wasu yaran ta nan suka fara, labarin ya ja su, suka je suka nemi cikakken.

Wannan ne ya sa ba za mu bi Henley har ƙarshen hanya ba. Yayanmu direba bai da kuɗin faifai huɗu, bai da lokacin zama ya bi labarin 'yan Dalton, Turancinsa ma na tasha ne. Kaset ɗaya ya iya saye, shi ya raka shi dare da rana a hanyar Kintampo, ya hana shi gyangyaɗi a kan sitiyari. Waƙa goma masu kyau, babu ta tsallakewa, a farashin kaset ɗaya, wannan adalci ne ga talaka. Kuma a yaba wa masu harhaɗa faifan da abu ɗaya: cikakkun waƙoƙin suka sa, ba guntayen da aka yanka wa rediyo ba. Har waƙar Desperado kanta, wadda ba a taɓa fitar da ita a ƙaramin faifai don rediyo ba, wannan zaɓe ya taimaka wajen kai ta kunnen miliyoyin da ba su sayi faifanta na asali ba. Laifin faifan zaɓe ba a jikinsa yake ba. Laifin yana wurin mai saurare da ya tsaya a zaure ya ce ya ga gida. Zaure ƙofa ce, ana shiga ta cikinsa ne a wuce.

Saboda haka ga roƙonmu ga masu karatu, abu uku. Na farko, duk wanda ke da kaset ko faifan garmaho na makaɗanmu a gida, kada ya zubar, kada ya bar shi a ɗaki mai laima ko kusa da zafi, domin zaren kaset yana lalacewa da shekaru. A nemi mai rikoda da kwamfuta a kwashe sautin, gaba ɗayansa, har da surutun farko da na ƙarshe, a rubuta sunan mawaƙi da abin da ke jikin bangon. Na biyu, ba na shahararru kawai ba. Makaɗan bikinmu na nan zango, masu gangar sarki, zabiyoyin da suka yi wa iyayenmu mata waƙar aure, waɗannan babu kamfanin da zai taɓa yi musu faifan zaɓe, babu ɗakin karatun majalisar da zai adana su. In akwai kaset ɗin bikin wani a akwati, dukiya ce. Na uku, mu zauna da yara mu ji waƙa ɗaya daga farkonta har ƙarshenta, mu fassara musu kalmomin da suka ɓace daga bakinmu, mu gaya musu wa ake yi wa waƙar da kuma dalili. Minti 20 ne ko 30, bai kai rabin wasan ƙwallo ba.

Mun gwada wannan a gida. Bayan kaset ɗin Eagles ya ƙare, yaron ya ɗauki wayarsa ya nemo faifan Desperado cikakke, ya zauna ya ji shi, sa'an nan ya zo yana tambaya ko da gaske an yi 'yan Dalton. Muka ce an yi. Kashegari da dare muka sa masa Shata. Minti biyar na farko yana ta duba waya. Can sai muka ga ya kife ta, ya ce, "Baba, tsaya, me ya ce a nan? Mayar da shi baya." Muka danna maɓallin mayarwa, zaren ya yi ƙara irin tasa, muka sake ji tare.

Wanda ke da tsofaffin kaset kuma bai san yadda zai kwashe su ba, ya rubuto wa wannan fili ta hannun edita, za mu haɗa shi da masu iyawa.